Fitilun Salon Masana'anta: A Yi Hattara Kafin a Rataya Su a Gida

Duk mai shiga sababbin gidajen cin abinci a manyan biranenmu ya saba ganin wani irin ado na fitila: ƙwai tsirara rataye da baƙar waya, wani a cikin keji na ƙarfe, wani a bakin fayif ɗin ruwa da aka yi wa baƙin fenti. Yanzu abin ya fara shiga falo da ɗakunan amare. Mutum zai ga hoto a Instagram, ya kai wa mai walda ya ce a ƙera masa irinsa. Adon yana da kyau, amma idan aka yi shi da ka, kyan ɗan maciji ne.

Asalin salon daga birnin Niyok na Amurka ne. A shekarun 1960, masana'antu sun watse daga unguwar SoHo, suka bar manyan benaye da sito-sito babu kowa. Masu zane da sassaƙa, waɗanda ba su da kuɗin haya a tsakiyar gari, suka tare a ciki duk da doka ba ta amince a kwana a wurin ba. Sai a 1971 hukumar birnin ta halatta musu zama, a 1982 kuma jihar ta yi dokar da ta kare masu haya a irin waɗannan gine-gine da ake kira lof. Sun tarar da jan bulo ba yaɓe, bututu a fili, da fitilun ma'aikata, suka bar su yadda suke. Da masu kuɗi suka gani suka yi sha'awa, abin da talauci ya haifar ya zama yayi.

A masana'anta babu abin da aka yi don ado. Kejin yana kare ƙwai daga fashewa, murfin ƙarfen yana maido da haske kan teburin aiki, doguwar wayar kuma saboda rufin ya kai mita 4 ko fiye. Ita kanta fitilar nan mai gaɓoɓi ta Jieldé, da ake kwaikwayo a ko'ina, Jean-Louis Domecq ya ƙera ta a Faransa a shekarun 1950 ne domin hasken bencin aikinsa. Wanda ya ɗauko siffar ya bar dalilin, ya ɗauko matsala.

Zafi da cin wuta

Ƙwan da ake sa wa waɗannan fitilu, wanda ake kira na Edison, iri biyu ne, kuma a ido kusan ɗaya suke. Akwai mai zaren ƙarfe da ke yin ja, jikan wanda Thomas Edison ya fito da shi a 1879. Kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa. Gilashinsa yana ƙona hannu nan take, kuma idan ya kusanci labule ko silin roba, gobara ba ta da nisa. Akwai kuma na LED mai kama da shi, wanda wat 4 nasa ke ba da hasken da wancan ke bayarwa da wat 40. Fitila mai ƙwai shida za ta ci wat 240 da tsohon iri, wat 24 kacal da sabon. Mai amfani da sola ko mita mai kati ya san bambancin. Tarayyar Turai ta fara janye tsohon irin daga kasuwa tun 2009, amma har yanzu ana sayar da shi da sunan kayan ado. A karanta kwali kafin a biya.

Ƙarfe da wuta

Nan ne babban haɗarin. Fitilar da jikinta ƙarfe ne dole a haɗa ta da waya ta uku, kore ko kore da ruwan ɗorawa, wadda masu aikin wuta ke kira atin. Idan wata waya ta sale a ciki ta taɓa ƙarfen, atin ne zai kwashe wutar zuwa ƙasa, fis ya yanke. Gidaje da yawa an ja musu layin fitila da waya biyu kawai, domin an saba da holda ta roba. A irin wannan gida, wanda ya taɓa ƙarfen shi ne hanyar da wutar za ta bi. Fitilar da ba ta buƙatar atin ita ce mai alamar murabba'i a cikin murabba'i a jikinta.

Na fayif da ake haɗawa a shagon walda sun fi ban tsoro. Bakin fayif yana da kaifi, yana cin rigar waya a hankali ba tare da kowa ya gani ba. Duk inda waya ta shiga ƙarfe a sa mata zoben roba. Nauyin fitilar kuma ya rataya a sarƙa ko ƙugiyar da aka kafa a kankare ko katakon rufi, kada a ɗora shi kan wayar wuta ko kan silin fiyofi. Makunni ya zama a kan wayar da ke ɗauke da wuta, domin idan aka juya, fitila za ta mutu alhali holdar tana nan da wuta, mai canza ƙwai bai sani ba.

Kayan da aka shigo da su

Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu a Najeriya da Nijar 220 zuwa 230. Ƙwan Amurka mai lamba E26 yana iya shiga holdar E27 da muke amfani da ita, shi ya sa mutane ke ruɗuwa. Da an kunna sai ya ƙone, wani lokaci har ya fashe. Mai oda ta intanet ko mai sayen na gwanjo ya duba rubutun da ke jikin ƙwan da na holdar. Wanda babu suna, babu lamba, babu bayanin wat ɗin da zai iya ɗauka, a bar shi a shago. Araha ba ta ado.

Tsayin ɗaki da lafiyar ido

Yawancin ɗakunanmu ba su wuce mita 3 ba. A inda mutane ke wucewa, a bar aƙalla mita 2.1 tsakanin ƙasa da fitila. A kan teburin cin abinci, santimita 75 zuwa 90 daga saman teburin ya wadatar. A nisanta ta da fanka: iska tana kaɗa ta har wayar ta gaji, kuma idan fukafukan suna gifta hasken, ɗaki zai riƙa walƙiya, kai ya yi ciwo.

Hasken ƙwan adon ja-ja ne, wajen kelbin 2200, kuma ba shi da ƙarfi. Ya dace da hira, bai isa karatun yara, ɗinki ko tsintar shinkafa ba. Don aiki a nemi mai lumen 800, kwatankwacin tsohon wat 60, a cikin murfin da zai hana shi kashe ido. A banɗaki a sa rufaffiyar fitila mai lamba IP44 ko sama da haka. Lokacin hunturu ƙura tana taruwa a buɗaɗɗiyar holda, don haka a riƙa gogewa da busasshen tsumma bayan an kashe wuta daga babban makunni.

Mai walda gwanin ƙarfe ne, aikinsa ya ƙare a siffa. Haɗa waya na mai aikin wuta ne, kuma a Najeriya hukumar NEMSA ce ke ba ƙwararru takardar shaida. Kafin ya hau tsani a yi masa tambayoyi uku: akwai atin a layin fitilar nan, me zai ɗauki nauyinta, kuma akwai na'urar da ke yanke wuta idan ta fara kama mutum, mai miliamfiya 30? Idan babu atin kuma ba a shirya ja ba, ko gidan na haya ne, a nemi fitila mai wannan siffa da aka yi da roba ko mai alamar murabba'i biyu, a sa mata ƙwan LED. Baƙo ba zai gane bambancin ba, yaron da ya hau kujera ya kamo ta kuma zai sauko lafiya.