Ɓera a Madadin Mutum: Amfani da Abinci Wajen Nazarin Cutar Kitsen Hanta

1.0 Gabatarwa

Ana cewa hanta ta yi kitse idan mai ya taru a cikin fiye da kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyinta. A shekarar 1980 ne Jurgen Ludwig da abokan aikinsa na asibitin Mayo a Amurka suka laƙaba suna ga nau'in cutar mai tsanani da ke kama waɗanda ba mashaya giya ba. Cuta ce mai tafiyar hawainiya: daga kitse sai kumburi, daga kumburi sai tabo. Da yake ba ya yiwuwa a riƙa yankar hantar mutum don bin diddiginta, sai masana suka koma ga ɓeraye, suna haddasa musu cutar ta hanyar abinci. Wannan maƙala za ta dubi uku daga cikin ire-iren abincin.

2.0 Ire-iren Abincin

Na farko shi ne wanda aka cire wa sinadaran metiyonin da kolin. Hanta na buƙatarsu wajen fitar da mai zuwa cikin jini. Idan babu su, sai man ya maƙale. Cikin 'yan makonni kumburi da tabo kan bayyana. Sai dai ɓeran ramewa yake yi ƙwarai, alhali kuwa mai wannan cuta galibi mai ƙiba ne, wanda jikinsa ba ya jin insulin.

Na biyu shi ne mai maiƙo, wanda kashi 45 zuwa 60 na kuzarinsa daga mai yake. A nan ɓera kan yi ƙiba kamar mutum, hantarsa ta yi kitse, amma tabon da ake nema ba ya taka kara ya karya.

Na uku ya haɗa mai da sukarin furuktos da kolestirol. Shi ya fi kusa da halin ɗan Adam, domin ƙiba da kumburi da tabo duk kan samu, amma sai an jira watanni shida ko fiye. Bayan Amurka ta hana daskararren man masana'anta a abinci a 2018, an maye gurbinsa da manja a wannan haɗi.

3.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa abinci mai sauri bai kamanta jikin majinyaci ba, wanda ya kamanta kuwa yana da jinkiri. Magunguna da dama sun warkar da ɓera suka kasa a jikin mutum. Sai a 2024 Amurka ta amince da na farko, wato resmetirom. Don haka wajibi ne mai nazari ya tantance tambayarsa kafin ya zaɓi abin da zai ciyar da ɓeransa.