Hoto da Tuna Baya a Gefen Gadon Mai Ciwon Ajali

A yawancin gidajenmu, da zarar likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a, ɗakin mara lafiya yakan yi tsit. Masu dubiya su ce Allah ya sa kaffara ne, su fita. 'Ya'ya su zauna jugum, kowa na gudun furta abin da zai nuna an fid da rai. Shi kuwa majinyacin, wanda sau da yawa hankalinsa garau yake, an bar shi yana ƙirga zunubansa shi kaɗai. Magabata ba haka suka yi ba.

Lokacin da Abu Lu'ulu'a ya soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, Abdullahi ɗan Abbas ya tarar da shi cikin damuwa. Sai ya ɗauko masa tarihin rayuwarsa: zamansa da Manzon Allah (SAW) da yadda suka rabu yana mai yarda da shi, sannan zamansa da Abubakar. Buhari ne ya ruwaito. A cikin Sahihu Muslim kuma, Amru ɗan Asi ya juya fuskarsa ga bango yana kuka a ciwon ajalinsa, ɗansa ya yi ta tuna masa bushara da Annabi ya yi masa, har ya juyo ya shiga ba da labarin matakai uku na rayuwarsa: ƙiyayyarsa ga Musulunci, musuluntarsa, da shekarun mulki da yake fargabar hisabinsu. Jabir ya ji Annabi, kwana uku kafin wafatinsa, yana horon kada mutum ya mutu face yana kyautata zato ga Allah. Kan wannan ne Imam Nawawi ya ware babi a Al-Azkar game da yabon mara lafiya da kyawawan ayyukansa idan tsoro ya rinjaye shi.

Matsalarmu ita ce alkunya. Ɗan fari da ya shekara hamsin mahaifiyarsa ba ta ambaci sunansa ba, da wane baki zai zauna ya lissafa mata alherinta? A nan tsohon hoto yake yin aikin da harshe ya kasa. A miƙa mata hoton walimar saukar Alƙur'ani ta autanta, ko na ranar da ta dawo daga Makka, ko na marainiyar da ta riƙa har ta aurar. Ita da kanta za ta fara labarin. Aikin mai zama kusa da ita shi ne ya ɗora: "Inna, wannan yarinya yanzu 'ya'yanta suna makaranta, duk ladanki ne." Hoton sanadi ne kawai, abin nema shi ne zuciyarta ta karkata ga rahamar Ubangijinta.

Na san mai karatu zai tambayi hukuncin hoton kansa. Saɓani ne sananne. Abin da Malikiyya suka haramta shi ne sura mai jiki mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi. Tsohon Muftin Masar, Shaikh Muhammad Bakhit Al-Muɗi'i, ya rubuta risala kan halaccin hoton kyamara, yayin da Shaikh Bin Baz ya hana shi sai da larura. Abin da nake gani shi ne a bi fahimtar majinyacin. Dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana ƙyamar hoto, zalunci ne a kawo masa shi ranar da ba ya iya tankawa. A ba shi labarin da baki, ya wadatar, domin Ɗan Abbas bai riƙe komai a hannu ba.

Kuma ba kowane hoto ake ɗaukowa ba. Wanda zai tayar da takaicin dukiyar da ta salwanta ko muƙamin da ya kuɓuce, a bar shi cikin akwati. Amma kada a ɓoye fuskar ɗan'uwan da aka yi shekaru ana gaba da shi saboda gona ko gado. Wataƙila ganinsa yana yaro, kafaɗa da kafaɗa da majinyacin, shi zai sa a ce a kira shi a yafi juna. Haka nan tsohuwar fuska takan tuno bashi ko ajiyar da aka manta. Idan haka ta faru, a rubuta nan take a gaban shaidu.

Abin da ba ni da uzuri a kansa shi ne juya kyamarar ga majinyacin. Ɗaukar mahaifi ya rame, jikinsa a buɗe, a watsa a WhatsApp da Facebook da sunan neman addu'a, cin amanar wanda ba ya iya kare kansa ne.

Idan numfashi ya sauya, gargara ta kawo jiki, lokacin hira ya wuce. A ajiye waya da kundin hotuna. Wanda majinyacin ya fi natsuwa da muryarsa ya matso kusa, ya riƙa furta kalmar shahada a hankali yadda zai ji, ba tare da ce masa "faɗi" ba. Idan ya furta, a ƙyale shi, kada a maimaita masa sai in ya sake yin wata maganar duniya.