Labarin Unguwar Gabas ta Birnin Girinsboro a Ƙasar Amurka

 Wannan labarin wata unguwa ce a Amurka, cikin jihar Karolina ta Arewa, wadda baƙar fata suka raya. A karanta shi a zaure, yara su ji, zama al'amarinta ya yi kama da na kowane zango da baƙi suka sara har ya zama gari.

Ku sani an kafa Girinsboro a shekara ta 1808 ta Miladiyya, ya girma da hanyar jirgin ƙasa da masaƙun auduga. A ƙidayar 2020 mutanensa sun kusa 300,000. Bayan an hana bauta a 1865, 'yantattun bayi suka riƙa shigowa neman abinci. Doka da al'adar wancan zamani suka raba su da Turawa a makaranta da asibiti da wurin cin abinci, mafi yawansu suka taru a gabas da kudu maso gabas na gari.

Da aka tsare su a wuri guda, sai suka yi abin da mai hankali kan yi, suka fara da karatu. A 1873 aka buɗe makarantar Bennett a ɗakin ƙasa na wata majami'a, a 1926 ta koma ta 'yan mata zalla. A 1891 aka kafa makarantar noma da sana'a wadda ake kira A&T, ta tare a Girinsboro a 1893. A 1927 suka sami asibitinsu, L. Richardson, a 1929 kuma makarantar Dudley ta samari da 'yan mata. Titin East Market ya zama kasuwarsu, da wanzamai da maɗinka da masu abinci da likitoci, kuɗin unguwa yana juyawa cikin unguwa.

Wanda ya ratsa ƙananan titunanta zai ga gidajen bulo da na katako, mafi yawa ba bene, kowane da barandarsa da ɗan fili da itatuwa. Da maraice tsofaffi kan zauna a baranda, mai wucewa ya ɗaga hannu su amsa. Akwai gandun shaƙatawa na Barber inda ake kai yara wasa. A&T tana da gonarta a gefen gari, da shanu da kaji, har mutum ya manta a birni yake. Kowace kaka tsofaffin ɗalibai kan dawo daga ko'ina don bikin makarantar, a yi jerin gwano da ganguna, a dafa abinci a waje, kowa ya nemi danginsa.

Ranar 1 ga Fabrairu 1960 samari huɗu na A&T suka taka zuwa kantin Woolworth a tsakiyar gari: Ezell Blair, Franklin McCain, Joseph McNeil da David Richmond. Suka zauna a teburin abinci da aka keɓe wa Turawa, suka nemi a sayar musu da gahawa. Aka ƙi. Ba su yi zagi ba, ba su ɗaga hannu ba, ba su tashi ba sai da aka rufe kanti. Kashegari suka dawo da 'yan'uwansu, 'yan matan Bennett suka shigo, cikin mako guda suka zama ɗaruruwa, abin ya bazu garuruwan kudancin Amurka. Ranar 25 ga Yuli na wannan shekara kantin ya sayar wa baƙar fata abinci a teburin nan. Blair ya musulunta daga baya, ya ɗauki suna Jibreel Khazan. Kantin kuwa ya zama gidan tarihi a 2010. Haƙuri maganin duniya, amma irin haƙurin da ba ya barin haƙƙinsa.

To, sai dai unguwa ta sha wuya bayan nasara. A shekarun 1960 hukuma ta zo da shirin sabunta gari, aka rushe gidaje da shaguna masu yawa a East Market, aka faɗaɗa hanyoyin mota. Wanda ya mallaki fili ya karɓi diyya, ɗan haya kuwa ya ɗauki kayansa ya yi gaba. Kuma da aka buɗe wa baƙar fata kantunan Turawa, ciniki ya bar shagunan gida. A 1998 babban kantin abinci na titin Phillips ya rufe, mutane suka yi shekara 18 ba inda za su sayi ɗanyen kayan miya kusa. Sai suka yi karo-karo, kowa dala 100, suka buɗe nasu a 2016. Ciniki bai ɗauke shi ba, ya rufe a farkon 2019. Ranar 15 ga Afrilu 2018 kuma guguwa ta ratsa unguwar, ta kashe mutum guda, ta lalata gidaje da makarantun yara uku. Maƙwabta ne suka fara fitowa da zarto da abinci da ruwa.

Duk da haka makarantun nan suna tsaye. A&T ta fi kowace jami'ar baƙar fata ta Amurka yawan ɗalibai. Daga cikinta Jesse Jackson ya fito a 1964, da Ronald McNair a 1971, wanda ya tafi sararin sama, ya rasu a haɗarin kumbon Challenger a 1986. Yau kuma birnin yana da baƙi daga Nijar da Sudan, har akan ji Hausa da Zabarmanci a cikinsa.

Ya ku mazauna Mai Wurno da Gadarif da Kasala da sauran zangogi, ku duba abin da ya tsira a can da abin da ya tafi. Shagon haya ya tafi, makaranta mai filinta ta zauna. Wanda ke da fili ya nemi takardarsa ya adana, kada ya sayar don ƙuncin shekara guda. A sayi hatsi da nama wurin ɗan unguwa ko da ya ɗara da kaɗan. A tura 'ya mace karatu kamar ɗa namiji. Kuma yaron maƙwabci, wanda ya gan shi a hanya ya san sunansa da sunan ubansa.

Wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya kwafa ya miƙa gaba. Haza wasalam. Tamat.