Rigar Angoncin Kadangare



Kowa ya san jangwada, watau namijin kadangare mai jan kai, wanda ke gyaɗa kai bisa katanga. To, yana da dangi a dazuzzukan Asiya masu yawan ruwa, kuma a birnin Paris na Faransa aka raɗa wa da yawansu suna.

A 1802 wani masani, François Daudin, ya sa wa jinsin jangwada sunan Agama, wanda daga gare shi sunan dangin duka ya fito. A 1837 kuwa Duméril da Bibron, malaman gidan nazarin halittu na Paris, suka bayyana wasu kadangarun kurmi biyu. Wanda suka kira Calotes rouxii a lokacin, na ƙasar Indiya, in lokacin barbara ya zo, kan namijin yakan yi ja wur, jikinsa ya yi baƙi. Calotes mystaceus na Bama da Tailan kuwa, kansa da ƙirjinsa shuɗi suke komawa.

Ina asalin wannan rini? A cikin fata akwai ƙananan ƙwayoyi hawa-hawa: masu ja da rawaya a sama, masu mai da haske kamar madubi a tsakiya, masu baƙi a ƙasa. In sinadarin mazakuta ya ƙaru a jini, sai launi ya fito fili. Da shi namiji ke kiran mace, da shi yake gargaɗin abokin hamayya. Amma ado da tsada, gama rigar da ta ja idon mace ita ke jan idon shaho.

Abin mamaki, wannan riga ba ta ajiyuwa. A Paris, da kuma Lyon inda aka buɗe Musée des Confluences a 2014 ya gaji tarin tsohon gidan nazarin halittu na birnin, matsalar masu adana dabbobi ɗaya ce: kadangaren da aka tsoma cikin kwalbar barasa don kada ya ruɓe, launinsa yakan koɗe. Ƙira da saɓa suna nan, ado ya tafi.

Saboda haka yaron da ya zauna a gindin katanga a Katsina yana kallon jangwada da hantsi, yana ganin abin da kwalba ba ta iya riƙewa. Ya duba shi kuma da dare, zai tarar ya tuɓe rigar, ya koma duhu-duhu.