Wuta, Ruwa, Dogo da Asibiti: Me Ya Hana Manyan Ayyukan Arewa Isa Ƙofar Gida?

A watan Oktoba na 2024 yawancin jihohin Arewa suka wayi gari ba wuta, aka kuma zauna haka kwana da kwanaki. An lalata turakun babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Mando ta Kaduna, a cikin dajin da 'yan bindiga suka hana injiniyoyi shiga, sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Inugu da Makurɗi zuwa Jos shi ma ya sami matsala. Layi biyu kacal suka faɗi, amma mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara duk suka rufe shago, kuɗin jarkar ruwa ya tashi, asibitoci suka koma kan janareta da dizal mai tsada. Wannan duhu ya nuna abin da takardun tsare-tsare ba su cika faɗa ba: wuta da ruwa da sufuri da lafiya igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ɗaya ya faɗi sai ya ja sauran.

Ba tsari muka rasa ba. In ana maganar manyan ayyukan da aka zana wa Arewa, a takarda kam mun wadata. Tambayar da ta dace a yi ita ce, wanne ne ya kamata ya riga wanne, kuma wa zai ɗauki aikin daga inda aka yanke ƙyalle ya kai shi ƙofar gidan talaka.

A ganina, wuta ce kan gaba. Najeriya tana da tashoshin da aka ce za su iya ba da megawat wajen 13,000, amma abin da ke isa ga jama'a a mafi yawan ranaku bai wuce 4,000 zuwa 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Yawancin tashoshin da ke aiki da iskar gas suna Kudu, kusa da inda ake haƙo gas ɗin. Mafi yawan abin da Arewa take da shi na kanta madatsun ruwa ne na jihar Neja: Kainji ta 1968, Jebba, Shiroro mai megawat 600, sai Zungeru mai 700 da aka fara a 2013 aka yi shekara goma kafin a kammala. Wutar da za ta zo tashar Kumbotso a Kano sai ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan waya. Duk tsawon waya kuwa, ƙarfin wutar raguwa yake yi, wani ɓangare yana salwanta a matsayin zafi, kuma kowane turke da ke cikin daji ƙofa ce ga ɓarawo ko ɗan ta'adda. Shi ya sa sau da yawa ake kawo wuta a unguwa amma ta kasa tayar da firji.

Maganin da aka zana wa wannan shi ne bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka fi sani da AKK. Tsawonsa kilomita 614, kuɗinsa kimanin dala biliyan 2.8, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin ranar 30 ga Yuni 2020, aka ce cikin shekara biyu za a gama. Hikimar abin mai sauƙi ce: maimakon a yi wutar a Kudu a turo ta, a kawo gas ɗin nan, a gina tashoshi a Abuja da Kaduna da Kano, a yi wutar kusa da masu amfani da ita. Gas kuma ba wuta kaɗai yake bayarwa ba. Da shi ake yin takin yuriya, da shi masana'antu ke hura tukwanensu. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana, ko Bompai da Sharaɗa da Challawa na Kano kafin ciyawa ta cinye harabar kamfanoni da yawa, ya san tsadar makamashi tana cikin manyan abubuwan da suka kashe su. An sha ɗage ranar kammala bututun. Sai a 2025 kamfanin NNPC ya ba da sanarwar an tsallakar da shi ta ƙarƙashin kogin Neja, wurin da ya fi ba injiniyoyi wahala. Abin da ya fi damuna ba jinkirin ba ne. Bututu zai iya isa Kano ya tarar ba tashar da za ta ƙona gas ɗin, ba kuma ƙananan bututun da za su raba shi zuwa masana'antu. An aza harsashin tashar Abuja a Gwagwalada a Agustan 2023, amma na Kaduna da Kano har yanzu labarinsu ya fi aikinsu yawa.

Mambilla kuwa abin takaici ce. Shekara fiye da arba'in ana maganar madatsar da za a gina a tsaunukan ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, mai megawat 3,050, wadda da ta tabbata da ta fi kowace tasha girma a ƙasar. A 2017 an sa hannu da kamfanonin Sin a kan kusan dala biliyan 5.8. Sai rikicin wata tsohuwar kwangila ta 2003 da kamfanin Sunrise Power ya kai maganar gaban kotun sasanci a Faris, masu ba da rance suka ja da baya, har a farkon 2025 tsofaffin shugabanni biyu, Obasanjo da Buhari, suka je ba da shaida. Yaron da aka haifa ranar da aka fara wannan magana yau yana da furfura, bai ga kwan fitila ɗaya da Mambilla ta kunna ba.

Ruwa shi ne ya fi nuna yadda rashin wuta ke karya komai. Kano ba ta rasa madatsu ba. Gwamna Audu Baƙo ya bar madatsar Tiga a 1974, aka zo aka yi Challawa Goje, ga matatun Challawa da Tamburawa da Watari. Amma ruwan famfo ba ya tafiya da kansa. Sai an ɗebo shi daga kogi da injin, an zuba alif ya kwantar da laka, an tace shi ta cikin yashi, an sa sinadarin kulorin ya kashe ƙwayoyin cuta, sannan wasu manyan injuna su tura shi zuwa tankuna. Kowane mataki wuta yake ci. In ba wuta sai dizal, in hukumar ruwa ba ta da kuɗin dizal sai injuna su tsaya. Ko an tura ruwan ma, tsofaffin bututun da aka shimfiɗa lokacin birnin bai kai rabin haka ba sun fashe, sababbin unguwanni kuwa ba a taɓa ja musu ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Shi ya sa ɗan ga-ruwa da kurarsa ya zama shi ne hukumar ruwa ta gaskiya a unguwanni da dama, kuma talaka yake sayen lita ɗaya da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. A Katsina, madatsar Zobe an gama ta tun 1983, ta yi shekaru masu yawa tana tare ruwa ba tare da an ja shi zuwa gari yadda aka tsara ba.

Sannan akwai kula da abin da aka riga aka gina, wanda ba wanda ke samun suna da shi. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Irin haka ta taɓa faruwa a 1994. Bayan ɓarnar ne gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Da an riƙa duba ta ana yashe ta ana gyara duk shekara, da ba a kai nan ba. Ya kamata mutanen da ke zaune a ƙasan Tiga da Goronyo da Bakolori su san yaushe aka yi wa madatsunsu binciken ƙarshe, kuma me aka gani.

A ɓangaren dogo, tarihi ya riga ya nuna mana abin da yake iya yi. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dala. Yanzu ana shimfiɗa sabon layi mai faɗi daga Kaduna zuwa Kano, kilomita 203, wanda aka aza harsashinsa a Zawaciki a Yulin 2021, ya yi ta jan ƙafa saboda rance daga Sin bai zo da wuri ba. Akwai kuma na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Ɗambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, da reshe zuwa Dutse, wanda aka bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal a kan kusan dala biliyan 2. An yi ta sukar sa cewa an kai kuɗin Najeriya wata ƙasa. Ban yarda da wannan suka ba. Mafi yawan layin a cikin Najeriya yake, kuma Kano da Katsina da Maraɗi kasuwa ɗaya ce tun kafin a ja iyaka. Nijar ba ta da teku, kayanta sun daɗe suna shigowa ta Kwatano da Lome, kuma jawo wannan ciniki zuwa Legas riba ce gare mu.

Sukar da ta fi cancanta daban ce. Kwantenar da aka ɗora a Maraɗi za ta zo Kano, ta wuce Kaduna, ta bi layin da aka buɗe a 2016 zuwa Abuja, sai ta tsaya. Daga can Kudu, sabon layin Legas da aka buɗe a 2021 a Ibadan ya tsaya. Tsakanin Ibadan da Abuja ba a shimfiɗa sabon dogo ba, kuma jirgin sabon layi ba ya iya hawa tsohon, domin faɗin ƙarafunansu ba ɗaya ba ne. Muddin ba a cike wannan giɓi ba, tashar sauke kaya ta Dala da ta Funtuwa da ta Kaduna tirela za su ci gaba da jira, tirelolin kuma su ci gaba da farfasa hanyar Abuja zuwa Kano da aka bayar da kwangilarta tun ƙarshen 2017. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ga irin wannan: an shimfiɗa dogo kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikinsa a 2016, bai haɗu da na Benin ba, ƙarafunan suna nan kwance ba jirgi.

Asibiti shi ne inda duk wannan ke taruwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma ma'aikatar lafiya ƙarƙashin Farfesa Muhammad Ali Pate ta ce za ta ninka yawan ƙananan asibitocin da ke cin gajiyar wannan kuɗi, daga wajen 8,800 zuwa fiye da 17,000 kafin ƙarshen 2027. Niyya ce mai kyau. Sai dai allurar rigakafi tana lalacewa in firji ya mutu, ungozoma ba ta karɓar haihuwa cikin tsafta in ba ruwa, mai naƙuda kuma ba ta isa asibitin in damina ta cinye hanya. A nan ba sai an jira AKK ko Mambilla ba. Faranti na hasken rana da batir da rijiyar burtsatse sun isa su riƙe asibitin ƙauye, in har an ware kuɗin canza batirin da albashin ma'aikaciyar da za ta kwana a wurin. A Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi lafiya. Kasafin tarayya bai taɓa kaiwa nan ba.

Jinkiri kuma kuɗi ne. Yawancin waɗannan ayyuka da dala ake lissafinsu. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a 2024 ta haura 1,500. Duk aikin da aka bari ya kwana, nauyinsa a naira ya ninka fiye da sau uku, kuma jama'a ne za su biya bashin ko sun mora ko ba su mora ba.

Don haka kirana ga gwamnoninmu da sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Arewa: ku daina gasar aza sabon harsashi, ku haɗa kai a kan kammala bututun AKK tare da tashoshin Kaduna da Kano, da ƙarin layin wuta da ba ya bi ta daji ɗaya, da dogon Ibadan zuwa Abuja. Ku sa kuɗin gyara a kasafi kowace shekara, ku kuma buga wa jama'a nawa aka saki da inda aikin ya kai. Kai kuma mai karatu, in ɗan takara ya zo unguwarku neman ƙuri'a, tambaye shi wane tsohon aiki zai ƙarasa, kuma a wace shekara.