Motar da Ta Yi Hatsari: Lissafin Gyara da na Sayarwa

ABUJA: A garin Dutse Alhaji da ke ƙaramar hukumar Bwari a Babban Birnin Tarayya, mota ita ce ƙafar ma'aikaci da ɗan kasuwa. Da yawa daga cikin mazauna garin a tsakiyar birnin Abuja suke neman abincinsu, saboda haka kowace safiya sai sun gangaro mahaɗar Dutse sun hau babbar hanyar Kubwa, da yamma kuma su sake biyo ta zuwa gida. A wannan zirga-zirga ce akan yi karo, wani ƙarami wani babba. Bayan an gode wa Allah da ya tsare rai, tambayar da kan tsaya wa mai mota a zuciya ita ce: ya gyara ta ne, ko ya sayar da ita yadda take?

Amsar wannan tambaya ta sauya a 'yan shekarun nan, kuma canjin kuɗi ne ya sauya ta. A watan Mayun 2023 ana sayar da dalar Amurka a kan kimanin Naira 460 a farashin hukuma. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ragamar farashin, kuma kafin ƙarshen Fabrairun 2024 dala ta haura Naira 1,500. Akasarin motocin da ke kan titunanmu na hannu ne da aka shigo da su daga ƙetare, kuma tun daga watan Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu, sai ta tashoshin jiragen ruwa. Da dala ake sayen motar, da dala ake biyan jirgin da ya ɗauko ta, kuma da farashin dala hukumar kwastan ke lissafa harajinta. Don haka motar da mutum ya saya shekaru biyar da suka wuce, yau ba zai sami irinta da kuɗin da ya biya a wancan lokaci ba. Sai dai kuma kayan gyara su ma daga waje suke zuwa, tsadar ba ta ƙyale su ba.

Kafin mai mota ya yanke shawara, yana bukatar adadi huɗu a rubuce. Na farko shi ne kuɗin da motar za ta yi a kasuwa a yau da ba ta yi hatsarin ba. Na biyu, abin da dillalai ko kanikawa za su taya ta yadda take. Na uku, jimillar kuɗin gyara, wato kaya da ladan aiki da fenti. Na huɗu kuwa shi ne kuɗin da za ta yi bayan an gama gyaran, wanda kusan kullum yakan gaza na farko, domin mai saye da ya gane an taɓa buga mota ba ya biyan farashin wadda ba a taɓa ba.

Misali, a ƙaddara motar da darajarta Naira miliyan 8 ce kafin hatsari. An taya ta miliyan 4.5 yadda take, an kiyasta gyaranta a miliyan 2, kuma idan an gyara za ta yi miliyan 7. Wanda niyyarsa ita ce ya rabu da motar, idan ya gyara ya sayar, miliyan 5 ce za ta rage masa, wato ƙarin Naira 500,000 ke nan a kan sayarwa nan take. Wannan ƙari ba ya da yawa idan aka tuna cewa motar za ta yi makonni a gareji, shi kuma yana biyan kuɗin mota zuwa wurin aiki, kuma sau da yawa sai an kwance mota ake ganin ɓarnar da ido bai gani ba. Amma ga wanda zai ci gaba da hawa, lissafin daban yake. Idan ya sayar a miliyan 4.5, sai ya nemo ƙarin miliyan 3.5 kafin ya sayi irinta, alhali da miliyan 2 zai dawo da tasa kan hanya, kuma ya san halin injinta da giyarta. Ke nan mota ɗaya, ɓarna ɗaya, amma shawara biyu, gwargwadon abin da mai ita yake nufin yi da ita.

Duk wannan lissafi yana aiki ne idan ɓarnar ta tsaya a fata, wato bamba da bonet da ƙofa da fitilu da gilashi, ko ma lagireto. Waɗannan ana kwance su a ɗaura wasu. Idan bugun ya kai ga shasi, magana ta canja. Ƙananan motoci irin su Corolla da Camry da Accord, waɗanda suka cika hanyar Dutse zuwa Bwari, jikinsu da shasinsu a haɗe suke, ba kamar Hilux ba wadda jikinta ke zaune a kan ƙarfen shasi daban. An ƙera gaban irin waɗannan motoci da bayansu yadda za su lanƙwashe idan an yi karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya isa wurin da mutane ke zaune. Ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe aka gasa shi da wuta aka miƙe da guduma ba ya komawa ƙarfinsa na asali. Motar za ta yi kyan gani bayan fenti, amma ranar da aka sake yin karo ba za ta kare na cikinta kamar da ba.

Haka batun jakar iska yake, wadda ke fitowa daga sitiyari da gaban fasinja. Sau ɗaya take aiki, idan ta fashe sai an sa wata, tare da duba na'urar da ke sarrafa ta da kuma bel ɗin kujera. Saboda tsadar wannan aiki, wasu masu gyara kan rufe gurbin kawai su kashe fitilar gargaɗin da ke gaban direba. Wanda ya yarda da haka ya rage kuɗin gyara, amma da lafiyar iyalinsa ya biya ragowar. Alamomin shasin da bai miƙe ba kuwa sanannu ne: ƙofa ba ta rufuwa daidai, tazarar da ke tsakanin bonet da gefen mota ba ta zama ɗaya, mota tana jan gefe guda, taya kuma tana cinyewa ta ɓangare ɗaya ko da an daidaita ta.

Saboda haka ya kamata a fara da bincike kafin ciniki. A nemi bakaniken da ba shi zai yi aikin ba, kuma ba shi zai sayi motar ba, ya ɗaga ta ya duba ƙarƙashinta, a kuma jona ta da kwamfuta. Sa'an nan a karɓi kiyasi a rubuce daga gareji biyu ko uku, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban. Ana iya gwada farashin kayan da na kasuwar Apo a Abuja, ko Fanteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, tare da tantance ko sababbi ne, ko na hannu, ko kuwa na kwaikwayo.

Wani abin da ke sauya lissafin shi ne inshora. Daga ranar 1 ga Janairun 2023, Hukumar Kula da Harkokin Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole ta motocin gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Rundunar 'yan sanda ta soma tsananta binciken wannan takarda daga 1 ga Fabrairun 2025. Abin lura shi ne wannan inshora ba ta gyara motar mai ita, tana biyan ɓarnar da ya yi wa wani ne. Don haka wanda aka buga wa mota yana da damar neman diyya daga kamfanin inshorar wanda ya buge shi, muddin takardar ta gaskiya ce, kuma akwai rahoton 'yan sanda da hotunan wurin. Sulhun bakin hanya da mutane suka saba yi, inda ake karɓar abin da ya samu a rabu, yakan toshe wannan ƙofa.

Mai cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, shi kamfaninsa ne zai turo mai kiyasi. Idan aka ga gyaran bai cancanta ba, kamfanin kan biya diyya ya ɗauki gawar motar. A nan akwai tarko biyu. Wanda ya yi rajistar motarsa a kan tsohon farashi bai sabunta ba, abin da za a biya shi ba zai wuce adadin da ya rubuta ba, ko da kuwa farashin kasuwa ya ninka. Na biyu kuma ya shafi ma'aikatan da kan ɗauki fasinjoji daga Dutse zuwa cikin gari don rage kuɗin mai, al'adar da ta ƙaru tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Takardar inshorar motar gida yawanci takan keɓe ɗaukar fasinja don kuɗi, kuma kamfani na iya ƙin biya a kan wannan dalili.

Yana da kyau a san cewa wannan ciniki na motocin da suka yi hatsari kasuwa ce ta duniya. A Amurka, wasu jihohi sun ƙayyade cewa idan kuɗin gyara ya kai kashi 75 cikin 100 na darajar mota, to a ɗauke ta a matsayin wadda ta lalace. Kamfanonin gwanjo irin su Copart kan sayar da su, 'yan kasuwa su yi jigilarsu zuwa Legas, a gyara su a nan inda ladan aiki ke da sauƙi. Wannan yana da muhimmanci ga wanda ke shirin sayar da tasa ya sayi wata, domin mai yiwuwa wadda zai saya ɗin ta sha bugun da ya fi na tasa. Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 tana ba da damar binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka ta intanet, kuma kuɗin binciken bai kai ko kusa da asarar da rashinsa kan jawo ba.

Idan shawara ta tsaya a kan sayarwa, masu saye iri uku ne: bakanike ko dillalin da zai gyara ya sayar, mai sayar da kayan gyara da zai farke ta ya sayar da inji da giya da ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, sai kuma 'yan gwangwan da ke sayen ƙarfe a kan awo, waɗanda tayinsu shi ne mafi ƙanƙanta. Jinkiri yana rage kuɗi, domin motar da aka yasar a gareji rana da ruwan sama na cinta, kayanta kuma kan yi ƙafa. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a kuma kammala sauya sunan mallaka a Hukumar Kula da Zirga-zirgar Ababen Hawa ta Babban Birnin Tarayya, wadda aka fi sani da VIO, don kada a aikata wani laifi da motar alhali tana ɗauke da sunan tsohon mai ita.

Akwai kuma haƙƙin mai saye. A ƙa'idar ciniki ta Musulunci wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Aibin mota ya fi na sauran kaya nauyi, domin rayuka take ɗauka. Motar da ɓarnarta ta tsaya a fata, gyara ya fi wa mai hawanta riba a wannan zamani na tsadar dala. Wadda shasinta ya karye ko ya murɗe kuwa, gara a sayar da ita a fili a matsayin kayan gyara, ko da kuɗin da za a samu bai kai yadda rai ya so ba.