Daga baƙo zuwa ɗan haya: kalmomin neman muhalli a hausar Yamai

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya sauka Yamai don karatu ko aiki, matsalar farko da ke tarbarsa ita ce ta wurin kwana. Tun bai san hanyar jami'a ko ta ma'aikatarsa ba, sai ya yi ciniki da dillali da mai gida. Cinikin nan kuwa da hausa ake yin sa sau da yawa, amma da kalmomin da wasunsu bai taɓa ji ba a garinsu, wasu kuma ya san su da wata ma'ana dabam.

A cikin wannan maƙala za mu duba kalmomin da ake amfani da su wajen hayar gida a Yamai. Abin da muke son nunawa shi ne, kalmomin sun rabu bisa ga aikinsu: mutane da hulɗar da ke tsakaninsu suna ɗauke da tsofaffin sunayen hausa, alhali ginin da takardun da sharuɗɗan biya suna ɗauke da sunayen aro. Inda rukunonin nan suka haɗu ne saɓani ke aukuwa, kuma saɓanin yakan ƙare da hasarar kuɗi. Mun rubuta kalmomin aro yadda muka fi jin su a bakin mutane, ko da yake furucinsu yana sauyawa gwargwadon zurfin karatun mai magana.

1. Birnin da masu zuwa cikinsa

A shekarar 1926 aka ɗauke hedkwatar mulkin mallaka daga Damagaram aka maido ta Yamai. A ƙidayar 1988 mutanen birnin sun kusa 400.000, a ta 2012 kuwa sun zarce miliyan ɗaya. Wani ɓangare na wannan ƙari daga baƙi ya fito. Jami'ar Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1971, ita kaɗai ce jami'ar gwamnati har zuwa 2010, lokacin da aka buɗe na Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ke nan shekara kusan arba'in duk ɗalibin da ya fito daga ƙasar hausa dole ya nemi masauki a nan.

Sunayen unguwanni da kansu suna ba da tarihin wannan zama. Zongo shi ne zango, wurin saukar fatake. Bukoki jam'in bukka ne, watau inda sababbin zuwa suka fara kafa bukkokinsu. Wadata suna ne na fata. Gefe guda kuma akwai sunayen zabarmanci, kamar Harobanda (bayan ruwa), inda jami'a take, da Kwara Tegi (sabon gari), sannan na faransanci kamar Plateau da Terminus. Mai neman gida yana yawo ne tsakanin harsuna ukku tun daga sunan unguwar da zai tambaya.

2. Rukunoni ukku na kalmomi

Rukuni na farko shi ne na kalmomin da suka daɗe a harshen, ko na asali ne ko na aro daga larabci: gida, ɗaki, zaure, tsakar gida, masauki, baƙo, mai gida, dillali, la'ada, amana, lamuni, jingina.

Rukuni na biyu ya shigo daga ingilishi ta hanyar Najeriya. Babban misali shi ne ita kanta kalmar haya, wadda asalinta hire ne. Ta zauna da gindinta har ta haifi ɗan haya, gidan haya, kuɗin haya, ba da haya, kuma ba safai mai magana ke jin ta baƙuwa ba. Haka bulo da siminti da fanka.

Rukuni na ukku shi ne na faransanci, kuma shi ya fi yawa a Yamai:

(1) abansi (avance), kosiyon (caution), kontira (contrat), luwaye (loyer), damarsher (démarcheur)
(2) bila (villa), salon (salon), dushi (douche), antire-kushe (entrer-coucher), shambur-salon (chambre-salon), selibateriyom (célibatérium)
(3) kuran (courant), kontar (compteur), fakitir (facture), robine (robinet)

Ta fuskar sauti babu abin mamaki a nan. Sautin v yana komawa b, kamar a bila da abansi. Ana raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali, kamar a kontira da antire. Wasulan hanci kuwa suna komawa wasali da n, kamar a kuran da kosiyon. Abin lura yana ga ma'ana. Kalmomin (1) duk sharuɗɗan yarjejeniya ne, na (2) fasalin gini ne, na (3) kuma abubuwan da ake aunawa a biya duk wata. Ban da damarsher, babu ɗaya da ke nuna mutum.

Kalmar appartement ba ta samu shiga ba, kuma dalilin a bayyane yake. Yawancin ƴan haya a Yamai ba a gidan bene suke ba. Suna cikin gidaje masu ɗakuna a jere da ke buɗewa ga tsakar gida ɗaya, da makewayi ɗaya ko biyu na kowa da kowa. Antire-kushe ɗaki ɗaya ne tak, a shiga a kwanta. Shambur-salon shi ne abin da ake kira ciki da falo a Kano. Selibateriyom kuwa sunansa na nuna gidan marasa aure, amma galibi iyalai ne a ciki da ƴaƴansu. Hasali ma masu gidaje da yawa sun fi ƙyamar tuzuru da macen da ba ta da miji, ko da suna da abin biya.

3. Mai gida: suna ɗaya, matsayi biyu

A tsarin zango, mai gida shi ne wanda ke sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, ya kuma tsaya masa lamuni idan an sayar bashi. Polly Hill ta bayyana wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma a unguwar Sabo ta Ibadan a 1969. Baƙo ba ya biyan kuɗin ɗaki. Ribar mai gida tana fitowa daga la'adar ciniki. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma mai gida shi ne jagoransa.

A Yamai ta yau, kalmar nan ɗaya ita ke fassara propriétaire ko bailleur. Wannan mai gida bai ɗauki alhakin kowa ba, sau da yawa ma ba ya zaune a gidan, wakili yake aikowa ƙarshen wata. Abokin hulɗarsa kuma ya tashi daga baƙo ya koma ɗan haya. To amma tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba, kuma kowane ɓangare yana jawo ta idan ta yi masa amfani. Ga irin maganganun da ake ji:

(4) Baba, a yi mini haƙuri har albashi ya sauka.
(5) Ai ni na ɗauke ka tamkar ɗana, shi ya sa ban ce mu yi kontira ba.

A (4) ɗan haya yana kiran mai gida da sunan zumunta don ya mai da bashin haya al'amarin cikin gida. Wannan dabara ta yi aiki ƙwarai a shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati ke yin watanni ba albashi, musamman bayan an karya darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994. A (5) kuwa mai gida ne ke amfani da zumunta don kauce wa takarda. Ran da ya ga wanda zai biya fiye, ko ɗansa zai yi aure, sai ya ce a tashi, kuma ɗan haya ba shi da abin da zai nuna.

Dillali ma ya rabu biyu. Na kasuwa an san rumfarsa, an san mai gidansa, kuma ba ya cin la'ada sai ciniki ya faɗa. Damarsher kuwa yakan karɓi kuɗin kai mutum ganin ɗaki ko an daidaita ko ba a daidaita ba, sannan ya karɓi la'adarsa dabam. Wanda ya ji an ce dillali ya zaci na farkon ne, zai yi mamakin abin da za a nema gare shi tun bai ga ƙofar gidan ba.

4. Abansi, kosiyon da lissafin kuɗi

Kalmomi biyu ne suka fi haddasa rigima. Abansi kuɗin haya ne da aka biya tun kafin watanninsa su zo, saboda haka zama ne ke cinye shi. Kosiyon kuwa ajiya ce a hannun mai gida, wadda ya kamata ta komo ga mai ita ran tashi, bayan an cire kuɗin gyaran abin da ya ɓata. A faransanci bambancin a fili yake. A bakin masu hausa da yawa kuwa kalmomin sun narke sun zama abu ɗaya, watau kuɗin da ake bayarwa kafin a karɓi makulli:

(6) Ya ce in kawo na wata huɗu kafin in shiga.

Jimlar (6) ba ta faɗi ko wata nawa ne abansi, wata nawa ne kosiyon ba. Ɗan haya yana iya ɗauka ya biya wata huɗu, mai gida kuwa yana lissafin biyu haya biyu ajiya, sai ya zo karɓar kuɗi a wata na ukku. Haka nan ran tashi, ɗan haya yakan ce zai zaune kosiyon ɗinsa, watau ya ƙi biyan watannin ƙarshe don ya san ba za a maido masa ba, mai gida kuma ya riƙe kuɗin da hujjar fenti ko tsagewar bango da babu mai shaidar ko yaushe ta faru.

Ga kuma matsalar ƙidaya. A kasuwannin Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa tamma 5 ce. Jikka ɗaya dala 200 ce, watau 1.000 F. Ɗakin da aka sa wa 25.000 F a takarda, ɗan kasuwa zai ce jikka ashirin da biyar, ko kuma dubu biyar idan yana ƙidaya da dala. Ɗan lakkwal da ke fassara lambar kai tsaye daga faransanci zai ce dubu ashirin da biyar, abin da a kunnen ɗan kasuwa yake nufin 125.000 F. Mutane sukan gane daga yanayin magana, amma idan ana zancen bila ko abansin watanni da yawa, kalmar dubu ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Jikka ce kawai ba ta da harshen damo.

5. Zaman tsakar gida

Bayan an shiga, sauran rigingimun na maƙwabta ne, zo mu zauna zo mu saɓa. Inda kontar ɗaya ce ga gida duka, idan fakitir ta NIGELEC ta zo sai a raba ta bisa yawan ƙwan fitila da fanka da firigo na kowane ɗaki, kuma a nan ne ake sanin wanda ya ɓoye abin guga. Gidan da babu robine kuwa yana dogara ga ƴan ga-ruwa. Wannan kalma ta bi hanyar da ta saɓa wa sauran, domin faransancin Yamai ne ya are ta daga hausa.

Fasalin gidan ma ya sauya ma'anar wasu kalmomi. Babu zaure, saboda haka babu inda baƙo namiji zai tsaya ya yi sallama, kuma maza sukan koma fada a bakin titi. Tsakar gida, wadda a garuruwanmu wurin matan gida ne, ta zama ta iyalai biyar ko shida da ba su haɗa harshe ba. Kalmar gida kuma ta rabu: ɗan haya zai ce za shi ɗaki idan ya tashi daga aiki, amma idan ya ce za shi gida, to, tashar mota ya nufa.

Wurin da gidan yake shi ma sharaɗi ne da ba a faɗa cikin ciniki. Ɗalibai suna son Harobanda don kusanci da jami'a, amma unguwannin bakin kogi irin su Lamorde da Kirkisoy sun sha ambaliya, musamman a 2012 da 2020. Wanda ya kama ɗakin ƙasa a can da rani bai ga halin gidan ba sai damina ta sauka.

Kammalawa

Mun ga cewa hausar Yamai ta riƙe tsofaffin sunayen mutane, ta kuma aro sunayen sharuɗɗa ba tare da ta aro iyakokin ma'anarsu ba. Dokar haya da aka fitar a 1996 da faransanci aka rubuta ta, haka ma takardun yarjejeniya, alhali cinikin da baki ake yin sa, da hausa ko zabarmanci. Tun da kundin da aka zartar a 2025 ya ɗaga hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, aikin daidaita irin waɗannan kalmomi ya hau kanmu.

Ba mu ga amfanin yaƙi da kalmomin da suka riga suka zauna ba, kamar kuran ko bila. Inda ya kamata a sa hannu shi ne inda aro ya haifar da ruɗu. Muna ba da shawarar a ce hayar gaba a madadin abansi, kuɗin ajiya a madadin kosiyon, wa'adin tashi a madadin préavis, da takardar duban ɗaki a madadin état des lieux. Kowace daga cikinsu tana faɗin aikinta da kanta: wanda ya ji ajiya ya san ana maido ta. Muna kuma ganin duk takardar haya da za a rubuta da hausa ta ba da kuɗin da lambobi, sannan ta maimaita shi da jikka.

Ƙamus irin na Abdu Mijinguini (1987) ya buɗe hanyar tattara hausar Nijar. Abin da ya rage shi ne a bi fanni-fanni. Zai yi kyau ɗalibanmu su tattara kalmomin haya a Maraɗi da Damagaram, inda tasirin Najeriya ya fi ƙarfi, a kwatanta su da na Yamai, a kuma duba abin da zabarmanci ya yi da kalmomin nan na aro.